Rasuwar Hajiya Biyu-Biyu, Uwar Wakilai

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Wakilan Masu Neman Diyya ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, tsohuwar Shugabar Sashen Horarwa, dattijuwa a Majalisar Amintattu, wadda manya da ƙanana a wannan sana'a suka fi sani da Hajiya Biyu-Biyu.

Da zolaya sunan ya fara. Kafin ta karɓi sashen, kowane wakili shi kaɗai ya san mutanensa, ta yadda in ya kwanta ciwo ko ya bar aiki sai maganar diyyarsu ta kwanta tare da shi, masu haƙƙi su yi ta ɗumama benci a baranda ba wanda ya san fuskarsu. Marigayiya ta kafa doka cewa duk wanda ya kawo kokensa sai wakilai biyu sun taka har inda yake, gida ne ko gadon asibiti, sun ji labarin daga bakinsa. An sha gunaguni, an ce ɓata lokaci ne, ita kuwa ko a jikinta; takan ce wakili mutum ne, yana mura, yana mutuwa, amma haƙƙin talaka ba zai jira kowa ya warke ba.

Ba ta kuma ɗauke wa kanta dokar ba. Har bayan gwiwa ta fara damunta, da sanda take hawa benen asibiti, na biyunta yana binta yana haki. Mun yi babban rashi, kuma muna jinsa har cikin rai.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai girma maigidanta, da 'ya'yanta da jikokinta, da dukan waɗanda suka koyi aiki a hannunta. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta, Ya ba iyalinta haƙuri da juriya.

A wurin zaman makoki mun ga wani magini da ya faɗo daga saman gini, wanda Hajiya ke riƙe da maganarsa, kuma mako mai zuwa ne za a zauna da kamfanin inshora a kansa. Ya yi gaisuwa, ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, kunya ta hana shi tambayar abin da ke cinsa. Muna sanar da shi, da sauran waɗanda take wakilta, cewa ba a ɗage zaman kowa ba. Na biyunta, wakilin da ya zauna tare da ita a gefen gadonsa ran da aka ɗaure masa ƙafa shi zai tsaya masa, ba sai ya sake ba wani baƙo labarin faɗuwarsa daga farko ba.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya,
a madadin Shugaba da Majalisar Amintattu