Ƙararrawar Alhamis a Brendlow

Howard,

Ina gaishe ka, ina gaida Sheila. Gaisuwar ke nan, kada ka nemi ƙari. Na rantse ba zan sake yi maka magana ba, amma rantsuwar ba ta shafi biro ba.

Na ga aikin da kuka yi a majalisar gari, kai kana hakimce a kujerar shugaba. Kun kwashe kasuwar Alhamis daga dandali, kun kai ta sabon zaure bayan tashar bas, don ku mai da dandalin wurin ajiye motoci. Kowa ya bi ku zugwi-zugwi, har Pocock mahauci da ya fi kowa cika baki. Ni ban tafi ba.

Ka san al'adar garin nan sarai. Muddin an kaɗa ƙararrawa ran Alhamis, aka kuma sayar da ko ƙwai ɗaya ne a gindin gicciyen dutsen da ke tsakiyar dandali, kasuwa tana da rai, ba mai taɓa dandalin. Ranar da aka yi fashi, ta mutu ke nan. Na san jira kuke in gaji. To, ku gyara zama.

Yayarka,
Beryl

Zuwa ga Yaya Beryl,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Sheila ma tana gaishe ki.

Ina roƙon ki duba lamarin nan da sanyin zuciya. Sabon zauren yana da rufi, da ɗumi, da banɗaki. Shekara nawa kina tsallaka titi zuwa mashaya kina roƙon su bar ki ki shiga nasu? Baƙi ba sa tsayawa a garin saboda babu inda za su ajiye mota. Banki ya tashi, mai sayar da littattafai ya rufe. Ba ƙiyayya ce ta sa na goyi bayan shawarar ba, kuma na sa an keɓe miki rumfa mafi kyau, kusa da ƙofa.

Sai magana ta biyu. Matar Pocock ta gaya min asibiti sun ba ki ranar aikin gwiwa, ta faɗo Alhamis, kin ce musu ba za ki ba. Yaya, kin san layin asibiti. In kika saki wannan, sai baɗi ko gaba da baɗi. Wannan ya fi dandalin damuna.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki,
Howard

Howard,

Na samu takardarka, ina amsawa. Matar Pocock kuwa bakinta ba ya riƙe ko ruwa.

Banɗaki! Da shi za ka saye ni? A ƙarƙashin teburin nan da nake ciniki a kai ka yi rarrafe, Mama tana yankan cuku, ni ina share maka hanci. Yau kai ne za ka koya min inda ɗumi yake.

Bari ka ji yadda Alhamis ɗin da ta wuce ta kasance. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ja igiyar ƙararrawa, na jera cuku da ƙwai, na zauna ni kaɗai da tattabaru. Har rana ta yi tsaka ba wanda ya tsaya. Wani yaronku na majalisa yana cikin mota ya zuba min ido, yana jiran in naɗe kaya ban yi ciniki ba. Can sai ga tsohon limamin coci da lemarsa, mutumin da likita ya hana cin cuku. Ya sayi yanki, ya ɗaga shi sama yadda na cikin motar zai gani, ya ce min, “Beryl, wannan na karena ne, amma ciniki ciniki ne.”

Gwiwa kuwa ba zan ɓoye maka ba, tana ba ni wuya. Na faɗi wajen sauke akwatin ƙwai, likita ya ce in na sake ɗagawa, keken guragu ne makomata. Ina jin tsoro. Amma gara a turo ni dandalin a keke da in tsaya da ƙafafuna ina kallon motoci a inda Mama ta tsufa.

Ka gaida Sheila.
Beryl

Yaya,

Barka da war haka. Ki je a yi miki aikin. Za a kaɗa ƙararrawa, za a yi ciniki. Na yi miki alkawari, kada ki tambaye ni wa zai yi. Har yanzu ina ganin ba ki da gaskiya.

Allah ya ba ki lafiya.
Howard

Howard,

Ina gaishe ka daga gadon asibiti. An yi aikin lafiya.

Matar Pocock ta zo dubiya, tun kafin ta zauna ta zazzage min komai. Ta ce shugaban majalisa da kansa, cikin kwat ɗinsa na taro, ya ja igiya har sai da tattabaru suka watse, ya tsaya bayan teburina yana yanka cuku a karkace. Ta ce washegari abokan aikinka suka taru suka sauke ka daga kujerar da ka yi rabin rayuwarka kana nema.

Na yi kuka, har nas ta ɗauka ciwon ne ya tashi.

Likita ya ce zan daɗe ban tsaya a kasuwa ba. Tunda yanzu ba ka da aikin yi, Alhamis ka fito da wuri. In ka tashi, ka biyo ta nan, bakina ya gaji da shiru.

Yayarka,
Beryl