Hurhurata da Galurar Inna

Daga akwatin sirri: wata kaka ce daga Wurno ta aiko da saƙon murya ta wayar maƙwabciyarta, mun rubuta shi yadda ta faɗa. Ta ce a ɓoye sunanta. A yi sharhi da ladabi, sa'ar kakanninmu ce.

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, manya da yara, maza da mata. Ni ban yi boko ba, ban san yadda a ka shiga guruf ba, maƙwabciyata ita tar riƙe min waya tac ce in yi magana awa ina gaban mutane. To ga ni gabanku. Don girman Allah ku ba ni shawara, amma ku saurare ni hal ƙarshe tukuna, don maganag ga ta hwaro tun ba a haihi iyayenku ba, kuma yanzu ta kai ga zub da jini tsakanin ɗiyana maza biyu da sunka sha nono guda.

Ina ƙarama, ban ko hwara ɗaura zane ga ƙirji ba, muna zaune wani ƙauye wajen Boyekai, ƙasag Goronyo. Zamanin Nasara na, lokacin da a ka ɗibar maza a kai su can duwatsu aikin kuza, ba da sonsu ba. Babanmu ya rasu, saura Inna da ni da yayana Garba, wanda gemu yah hwara hito mai. Inna rinin kaba ta ka yi, ta saƙa tabarmi ta kai kasuwa. Galura ta ka saye wurin 'yan koli, ja da tsanwa, ta dahwa cikin babbat tukunya ta tsoma kaba. Ta haihu da yawa ta binne da yawa, shi yas sa kanta yay yi hwari tas tun ba ta tsuhwa ba, hurhura awa auduga.

Wata rana da hantsi masu ɗibar maza sunka shigo gari. Inna ta riga ta ji labari, tas sa Garba cikin ruhewa, rumbunmu na ƙasa, tar ruhe shi da dawa, ita kuma taz zauna bakin murhu tana aikinta. Ta sauke tukunyat tsanwa ke nan, tana tururi, sai ga su cikin gida babu ko sallama. Babbansu wani ƙato na, ba ni hwaɗin sunanai don jikokinai na nan da rai kuma ba su yi min komi ba. Yat tambayi Inna ina ɗanta, tac ce ya bi shanu Rabah. Sai yas sa anka riƙa soka sanda mai tsini cikin ruhewa, hal Garba yay yi ƙara. Sunka jawo shi ta ƙahwa, cinyatai na jini, sunka yi ta bugu nai da bulala hal ya bar motsi, sannan sunka sa mai igiya ga wuya. Inna tat tashi tar rungume ƙahwar ƙaton ga, da yaƙ ƙi tsayawa tak kahwa mai haƙora ga ƙwauri. Ni ina bayan turmi ina kallo. Yak kama ta ga ƙeya, yaj ja ta ƙasa hal bakin tukunya, yad danna kanta ciki yar riƙe. Ƙahwahunta na ta shure-shure, ruwan tsanwa na zuba bisa toka. Da yas sake ta, hwatar goshinta da kunne guda sun saluɓe, gashin da yar rage kuwa ya koma tsanwa shar, awa ganyen albasa cikin hwadama.

Mata sunka kawo zane su ruhe mata kai, tat ture. Hakanan kai buɗe, ƙuna na ruwa, tab bi ayarin mazan da anka ɗaure, ni kuma ina riƙe da gehen zanenta. Munka ratsa Wurno ranak kasuwa, mutane na dare muna hanya, munka bi su hal Achida, nan anka tare mu da sanduna anka ce iyakarmu ke nan. Garba yaj juyo, igiya ga wuyanai. Inna tad ɗaga murya tac ce, "Garba, dubi kan ga da kyau. Ba shi komawa hwari sai ka komo."

Bai komo ba. Waɗanda sunka komo, da tari da kumburin ƙahwa, wani ya ce sanyin dutse ya kashe shi, wani ya ce ya gudu cikin daji, babu wanda yag ga gawa. Inna tac ce tunda ba a ga gawa ba ita ba ta karɓar gaisuwa. Duk sa'adda hwari yah hwara leƙowa ga gindin gashi, sai ta jiƙa galura ta mayar. Yara na bin ta suna kiranta Mai Lawashi, manya su ce Inna nawa a ka sayar da damin, ta ce su bari ya ƙosa. Wasu sunka bar sayen tabarmarta sun ce iskoki sun hau ta. Ba ta hwasa ba hal ta kwanta ciwon ajali. Lokacin na yi aure Rabah, ina goyon hwari, anka aiko nit taho. Tak kama hannuna tas sa bisa kanta, tac ce in hurhura ta hito min in riƙa rina ta tsanwa don Garba, kada yaron ya komo ya iske babu mai jira nai. Nic ce na ɗauka, Inna. Da bakina nih hwaɗi, tana jina, kahin la'asar ta cika.

Da hurhura taz zo min nic cika alkawali. Ni ban da ƙarhin halin Inna, ban taɓa hita kai buɗe ba, ƙarƙashin kallabi ni ka abina. Maigidana, Allah shi jiƙan shi, ya sani, shi ma ka sawo min galura in ya tahi kasuwa, shi ce ga takin gonakki nan. Bayan rasuwatai babban ɗana, wanda ba ni kiran sunanai, Alhaji dai, yad ɗauko ni yam maido ni gidanai nan Wurno. Mai hatsi na, sahun gaba shi ka salla, mutane na jin maganatai. Ƙaninai Nomau shina Dinawa shina noman albasa, mutum na mai zahin zuciya tun shina yaro. Su duka sun san labarin Garba, da shi nir rene su, amma Alhaji ya zaci abin rini ya ƙare tun kan Inna.

Bayan ƙaramas salla jiri yak kayar da ni bakin rijiya, anka kai ni asibiti ban san inda ni ke ba. Ma'aikaciya tac cire min kallabi don ta duba inda nib bugu, ɗaki cike da 'yan dubiya. Cikinsu wata tad ɗauki hoto da waya, hal yau ba a san ko wa ta ba. Kahin a sallame ni hoton ya zagaye gari. Wasu na dariya suna cewa ga tsohuwa 'yag gayu, wasu na cewa ai dama gidan akwai bori, shi yas sa hatsin Alhaji ka albarka. Wanga na ƙarshe shi yac ci mai rai, don an hwaɗa mai shi bakin masallaci gaban mutane.

Da nik komo gida, jikina bai ko yi ƙwari ba, yas shigo ɗakina da reza ga hannu, matatai na biye da wata ƙanwatta. Yac ce in yi haƙuri, abin ga yau za shi ƙare. Nic ce shi zauna mu yi magana, yac ce magana ta wuce, an gama da mutuncinai cikin gari. Matan sunka riƙe min hannuwa, matatai na kuka tana cewa Inna ki yahe min, amma ba ta sake ni ba. Shi kuma yas sa tahin hannunai ga ƙeyata yad danƙwahe ni ƙasa. Na yi kokawa iya ƙarhin tsohuwa, rezar tag goce tat tsaga ni bisa kunne, jini yab bi min wuya hal cikin riga, bai tsaya ba sai da yak kwashe gashin kaf. Da yaƙ ƙare nid ɗaga kai nic ce mai, "Hannun da kas sa min ga ƙeya, na san shi. Ina bayan turmi nig gane shi." Yat tattara gashin yaj jehwa murhu yah hita.

Labari yak kai Dinawa. Nomau ko wanke ƙahwa bai yi ba, daga gona yah hau babur da kalme, abin nomanai, ga kahwaɗa. Yaz zo yad duba kaina da bandeji, bai gaishe ni ba, yaj juya. Ya iske yayanai zaure shina auna gero, sai yas sauke mai ƙotar kalme ga kahwaɗa, ni daga ɗaki nij ji ƙarar ƙashi. Ya ɗaga za shi ƙara, wanga karon da bakin ƙarhen, sai ɗiyan Alhaji samari sunka yo kainai, wani da taɓarya wani da icce. Ƙanin ubansu hwa, wanda yag goye su. Sunka hwasa mai kai, sunka zubar mai da haƙoran gaba, shina ƙasa suna sa mai ƙahwa. Na rarraho nih hito nik kwanta bisa shi, wani bugun ga bayana yas sauka. Sai da maƙwabta sunka haura katanga sannan anka raba. Gero da jini sun cuɗe cikin zaure, kaji na ta tsattsaga. Dattawan unguwa sunka hana a kai magana ga hukuma, sun ce abin gida na.

Yanzu Alhaji hannunai na rataye ga wuya, ya rantse muddin yas sake ganin tsanwa ga kaina cikin gidanai sai ya sake askewa, ko wa za shi mutu. Nomau kuma, da bakinai da ba haƙora, ya sawo galura ya aiko min ƙunshe cikin garin tuwo, ya ce in rina, shi kuma ya rantse duk wanda yat taɓa min kai wanga karon ba da ƙota za shi zo ba. Na ce in koma wurinai Dinawa, ya ce a'a, sai dai in rina nan cikin gidan da anka aske ni, don a san uwa ba akuya ba ta. In na ƙi rinawa kuma, ya ce ya san tsoro anka ba ni, shi zai zo shi ɗebe min tsoron. Kun ga ko wace hanya nib bi, shina tahe.

Na aika anka tambayo min wani malami. Ya ce alkawalin da za shi jawo zub da jini a bar shi, in yi sadaka in yi ma Inna da Garba addu'a, Allah ya san zuciyata. Na ji, kuma ban ce ya yi kuskure ba. Amma malam bai ga kan Inna ba ranad da yah hito tukunya. Alhaji ko cewa shi ka yi in bar yaudarak kaina, Garba in da shina raye da ya hi kowa tsuhwa ƙasag ga, ƙashinai ma ya zama ƙasa. Shin shina zaton ban sani ba? Na sani sarai. Ni ba haukacewa niy yi ba, ba ni tsammanin in ji sallamatai bakin zaure. Abin dai shi na, Garba ba shi da kabari, ba shi da ɗa, ba a yi mai salla ba, ba a zauna makokinai ba. Duk duniya babu inda yar rage sai bisa kaina. Waɗanda sunka ɗaure shi sun mutu cikin ɗiyansu an binne su da mutunci, shi ko sai ɗan ruwan galura da ni ka shahwawa.

Kuma ina jin tsoron abu guda, ban taɓa hwaɗa ma kowa ba sai ku. Tun ranad da Alhaji yad danne ni, in na dube shi ba ɗana ni ka gani ba, ƙaton can ni ka gani. Shina shigowa gaisuwa da sahe, shi durƙusa da karyayyen hannu, in amsa da baki, zuciyata na cewa Allah shi isam min. Ni nih haihe shi, ba ni son bakina shi kama shi, amma na kasa hana zuciyar.

Gashi ya tsiro yanzu, ya kai tsawon da galura ka kamawa, hwari sol, rabona da in ga kaina hakanga tun ina da ƙarhin daka. Nomau ya aiko cewa ran Jumu'a bayan an sauko shina tahe shi ga kan uwatai da idonai, Alhaji kuma ya ji, ya hana samarin gidan zuwa ko'ina ranan.

To jama'a, ku da kunka yi karatu, ku hwaɗa min mi za ni yi. In na rina, na cika ma Inna magana, amma ƙila in wanke gawar ɗayan ɗiyana. In na bar shi hwari, ni da hannuna na binne Garba, kuma ban da tabbas ko hakan zai tsai da Nomau. Akwai maganad da uwa ka hwaɗa ma maza biyu masu hurhura su aje makami? In akwai ku koya min ita kahin Jumu'a, maƙwabciyata za ta karanta min duk abin da kunka rubuta. In kuma babu, ku gaya min gaskiya kada ku ji kunyat tsuhwana, cikin ukun ga, yayana da ɗiyana biyu, wane za ni saki?