Kujerar Babanku

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya sa albarka a aikinka, Ya raya mana yaran nan, Ya tsare ku daga sharrin baƙunta, amin. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Gwiwata tana nan da halinta, ran da ta ga dama ta bar ni in yi sallah a tsaye, ran da ba ta ga dama ba in jawo kujera. Gwaggonku ta warke daga zazzaɓin nan, har ta koma surutunta kamar ba ita ba. An gyara rufin kicin da yake yoyo, itacen lemon tsakar gida kuma bana ya yi 'ya'ya har reshe ɗaya ya karye. Auta kullum muna waya. Cikin nata ya tsufa, likita ya ce ta rage zirga-zirga ta yawaita kwanciya, mijinta kuwa ka san aikinsa na kamfani, wani mako safe wani mako yamma, don haka yawanci ita kaɗai take wuni.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne a waya ba ka barina in kai aya. Da na buɗe baki sai ka ce in saurara tukuna, daga nan in yi ta sauraro har mu yi sallama. To, takarda ba a katse ta. Maƙwabciyata, malamar asibitin nan da ta yi ritaya, za ta ɗauki hotonta ta tura maka yau ɗin nan, sai ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka kira. Makon jiya baffanku ya zo min da wani dillali, suka yi ta zagaya motar babanku, ana ƙwanƙwasa jikinta ana harbin taya da ƙafa. Na ba su ruwa suka sha, na raka su bakin ƙofa. Ba sai an faɗa min ba, na san bakinka a ciki, kuma na san sauran shirin: a sayar da mota, a rufe gida, a kwashe ni a kai gidan Auta. Ban yi fushi ba, don na san tausayina ne ya sa. Amma ba na so, kuma gara in faɗa maka ƙarara. A gidan nan na haife ku, a nan nake son in ci gaba da kwana ina tashi. Auta tana bukatata, wannan gaskiya ne, sai dai ba ta bukatar in tare mata a ɗaki biyu a saman bene, ni da gwiwar da ba ta ga-maciji da matakala. Tsakanin garinmu da nasu tafiyar awa ɗaya ce da 'yan kai a babbar hanya. Zan riƙa zuwa da kaina in yi mata kwana biyu in dawo gidana, kuma ranar Asabar ɗin nan zan fara in Allah Ya yarda.

Na san abin da za ka ce, wai ga motar haya. Na gwada. Na zauna a tasha tun hantsi ana jiran mota ta cika, aka cusa mu huɗu a baya, wata baiwar Allah ta ɗora min buhunta a cinya, direban kuma yana gudu yana waya. Da na sauka gwiwar ta kumbura, maimakon in yi jinyar Auta sai ita ta tashi tana dafa min ruwan gashi. Ka tuna lokacin da na ce maka na shiga makarantar koyon tuƙi, ka yi ta dariya har matarka ta karɓe wayar tana ba ni haƙuri. An ce gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi. Lasisina yana cikin jakata, kuma tun bara ni nake kai kaina kasuwa da asibiti. Abin da na taɓa gogewa ginshiƙin ƙofar gida ne kawai, shi ma tun zamanin babanku kowa ya san magini ya matse shi da yawa.

Ga yadda na tsara tafiyar, don ka san ba da ka na yi ba. Ba zan fita da duku-duku ba, idona ba ya son fitilar motocin da ke tahowa. Sai gari ya waye sarai, na karya, masu saurin zuwa aiki sun wuce. Ba zan bi ta tsakiyar gari ba saboda cunkoson bakin kasuwa, zan zagaya ta bayan makarantar 'yan mata in ɓulla shataletalen ƙarshe, daga nan hanya ta miƙe. Zan tsaya a hannun masu tafiya a hankali, duk mai gaggawa ga fili nan ya wuce, ko ya yi ta danna min hon ba zai ɗaga min hankali ba, wadda ta raine ku ku huɗu ta saba da hayaniya. Tirela ko tankar mai in ta sha gabana zan ja baya in ba ta tazara, ba ni da niyyar wuce kowa. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan gada akwai gidan man nan mai masallaci a gefe, inda babanku yake tsayawa ya sayo muku biskit. A nan zan tsaya in miƙe ƙafa in sha ruwa. Wuri ɗaya ne yake ba ni tunani, mararrabar shiga garinsu, inda hanya ta rabu biyu kuma dole mutum ya koma ɗaya hannun tun da nisa. Surukina ya zayyana min shi dalla-dalla, ya ce in na ga dogon ginin ajiyar hatsi in kunna sigina, in kuma na wuce kada in kuskura in ja da baya, in ci gaba akwai wata mashiga a gaba. Maƙwabciyar tawa za ta zauna a gefena wannan karon, ta daɗe tana tuƙi. Na gaya mata rakiya na nema, sitiyari kuwa yana hannuna har ƙofar gidan Auta.

Shekaranjiya na kai motar wurin bakaniken babanku, dattijon nan na bayan gidan burodi. Ya canza baƙin mai, ya duba birki da ruwan lagireto, ya sa iska a safaya, ya sauya waifa ɗaya da ta tsage. Da ya gama sai ya ce in shiga in ja, shi ya zauna a gefe, mu ɗan hau hanyar bayan gari ya ga yadda nake yi. A nan ne ya ga abin da ban taɓa gaya wa ɗayanku ba. Ka san babanku dogo ne, kai ka ɗauko shi, ni kuwa Allah bai ba ni tsawo ba. Kujerar direba tana can baya inda ya bar ta ranar da ya yi tuƙinsa na ƙarshe, ni kuma tun da na fara jan motar ban taɓa matsar da ita ba. Filo biyu nake tarawa a bayana, in zauna a bakin kujera in miƙa ƙafa. A cikin gari, da tafiyar hawainiya irin tawa, hakan yana yi min. Amma da muka ɗan ɗauki gudu ya ce in taka birki da ƙarfi, sai filo ɗaya ya zame, na koma baya, da ƙyar yatsun ƙafata suka danne birkin. Mun tsaya lafiya, hanyar ba kowa. Ya kai hannu zai ja ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar, ban san lokacin da na buge masa hannu ba. Muka juya muka koma gareji. A nan ya ce shi ma ya san mai kujerar, sun yi shekaru tare, amma in da rai a jikinsa ba zai yarda in hau babbar hanya a kan filo ba. Ya ce ko dai in matsar da ita, ko ya kira baffanku da kansa ya ce a zo a ɗauki motar. Na ji haushinsa ƙwarai, na tafi ko sallamar kirki ban yi masa ba, alhali na san gaskiya ya faɗa.

Jiya da safe bayan na share tsakar gida na buɗe motar na zauna. Na daɗe a zaune. Duk shekarun da muka yi muna bin hanyar nan, ni a wancan gefen nake, ina ɓare masa lemo ina yi masa faɗan gudu, shi kuma kullum yana cewa wata rana zai koya min, har Allah Ya yi ikonsa wata ranar ba ta zo ba. Muddin kujerar tana inda take, sai in ga kamar aron motar na yi, mai ita zai fito ya karɓi makullinsa. Na yi kewarsa, ɗana, har yanzu ina yi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma Auta tana can ita kaɗai, kuma filo ba zai kai ni wurinta ba. Na cire filon, na yi bismillah na ja ƙarfen. Ya ƙi, don ya yi tsatsa, sai da na ɗiga masa man keken ɗinki na sake ja da hannu biyu, kujerar ta taho gaba da ƙara har ta kama. Da na leƙa bayanta in share ƙasar da ta taru, ka san me na gani? Tabaraun karatunsa, mai igiyar nan baƙa. Wanda ya yi wata da watanni yana cewa ni na kawar masa garin gyaran ɗaki, har ya sa na zazzage durowa kaf. Ashe yana ƙarƙashinsa yana zaune a kai. Na yi dariya ni kaɗai a mota har hawaye suka zo, daga nan kuma kukan ya zama na gaske. Da na natsu na goge shi na sa a aljihun gaban mota. Da yamma na koma gareji, dattijon ya leƙo ya ga kujerar, ya ga ƙafata a kan birki daram, ya ce Allah Ya kiyaye hanya.

Abin da nake so daga gare ka kaɗan ne. Ka kira baffanku ka ce ya sallami dillalinsa. Ranar Asabar kada ka kira ni da safe, wayata tana cikin jaka a kujerar baya kuma ba zan ɗauka ba, Auta za ta sanar da kai da zarar na shiga. Ka yi min addu'a maimakon faɗa. Na yi maka alkawari, duk ranar da na ga idona ko ƙafata sun gaza, ni da kaina zan miƙa makullin, ba sai an aiko kowa ba. Taurin kan da kake ƙorafi a kai kuwa, ka duba madubi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ka gaishe min da 'yata matarka, ka ce na gode da maganin shafawar da ta aiko, yana yi min amfani. Ka gaishe da babban angona, ka ce na ji labarin ya fi ni tsawo, to ya zo mu gwada tuƙi. Ka shafa min kan takwarata da ɗan autanku. Gwaggonku da baffanku suna gaishe ku, Auta da mijinta ma haka. Allah Ya sauke ta lafiya, Ya jiƙan babanku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

In Allah Ya kawo ku hutu, ni zan zo tarbarku da motar. Na san za ka ce kai za ka ja, kuma zan ba ka. Kujerar za ta yi maka kaɗan, sai ka tura ta baya yadda ƙafarka za ta sake. Amma in ka sauka, ka mayar min da ita inda ka same ta.

Wassalam, ni ce mai yi maka addu'a kullum,

Mahaifiyarka