Hannun Dama na Wani Ne

Litinin, 26 ga watan Tikimt, 1871, lissafin Habasha. Garin Ankober.

Na fiƙe alƙalami uku. Daga nan sai gaban alƙali.

Mulatu ɗan yayata ne ake tuhuma da ƙona amyar zuman wani dattijo, Ato Dinku, guda goma sha huɗu. Alƙali ya ce in ba mai tsaya masa, a ɗaure shi da sarƙa tare da mai ƙara. Na miƙe. Ya ce, “Malam Zewde, da jikinka fa. In ya gudu, abin da zai hau shi kai zai hau.” Na ce na ji.

A gida matata Askale ta ce, “Mutumin da ke ƙirga layi kafin ya rubuta harafi, yau ya ba da bayansa kyauta!” Yaron nan a hannuna ya koyi karatu.

Alhamis, 29 ga Tikimt

Mulatu ya ce yana da shaida a ƙasan kwari, zai je kwana uku ya dawo. Na bar shi. Shin gaggawa na yi? A'a. Wanda ka tsaya wa ba ka tsare shi kamar akuya.

Lahadi, 9 ga watan Hidar

Shiru, bai dawo ba.

Talata, 11 ga Hidar

Ranar shari'a. An kira sunansa sau uku. Maƙeri ya buga mana sarƙa, hannuna na dama da na hagun Ato Dinku. Kwana bakwai in kawo shi, ko bulala arba'in a kasuwa.

Yanzu haka ina rubutu hannun tsohon na bin nawa. “Kai malam, wannan kai-komon ba ya ƙarewa? Ko kaza ta fi ka saurin tono.” Bai iya karatu ba, na gode Allah.

Zan nemo Mulatu. Tsoro ne kawai ya kore shi.

Juma'a, 14 ga Hidar

Ƙauye huɗu. Dinku na ɗingishi, ni kuma na saba da sauri, mun faɗi sau biyu kafin ƙafafunmu su shirya. Ci da hagu ya yi mini wuya, sai ya riƙa naɗe gurasar injera yana sa mini a baki. “Buɗe, abokin gaba. Ba na son jan gawa.”

Da muka tsaya wanka na ga damtsensa. Ƙuna har kafaɗa. Ya ce ya shiga ciro amya ta ƙarshe ne, ta mahaifinsa.

Yaya ta rantse ba ta san inda yake ba. Ba ta dube ni ba.

Litinin, 17 ga Hidar

Mun same shi. Yana gidan sufaye na kan dutse. Ya kaɗa ƙararrawar neman mafaka tun ranar da na sallame shi, ba mai ikon fito da shi. Ba wani shaida a kwari.

Ta kan katanga muka yi magana. “Kawu, kai malamin coci ne, ba za su tsananta maka ba. Ni kashe ni za su yi.” Na shirya tambaya tun daga hanya, har na jera ta kashi uku. Ban yi ko ɗaya ba.

Dinku ya ce, “Mu ce wa alƙali na yafe.” Na ce a'a. In mai tsayawa ya zille, gobe wa za a yarda ya tsaya wa wani? Da bakina na ce na ji.

Ya kira ni jaki. Ya rage sauri a gangara, ko da yake ni ba na ɗingishi.

Gobe:
Sammako, mu isa kafin kasuwa ta cika.
Askale ta tanadi man shanu da tsohon zane.
Littafin zabura da ban gama ba, a mayar wa firist, limamin cocinmu, ya jira.
A hana Yaya zuwa kasuwa.
Bayan an cire sarƙa, in bayana ya yarda, saran gora. Dinku ya ce amya ɗaya na cin yini guda. Sha huɗu ne.