Shuni, Karen Ladan

Zuwa ga Shuni,

Bayan gaisuwa mai yawa. Sallama dai ba a yi wa irinka, ka kuma san ni da kiyaye ƙa'ida, amma gaisuwa babu wanda ya hana ni. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma, iyakarka ka shinshina ta ka yi atishawa. Takarda ce mai kyau da nake ɓoyo tun bara don in kwafi wani littafi, yau ga shi na ƙarar da ita a kan kare, kuma ko a jikina. Kwana uku ke nan da tafiyarka, ina da labarin da ba wanda ya cancanci ya fara ji sai kai.

Ka tuna yadda muka haɗu? Ina jin ba ka tuna ba, don lokacin idonka bai daɗe da buɗewa ba. Ina dawowa daga kasuwar Maska da jakina, na ji kuka cikin wata tsohuwar rijiyar rini da marina suka daina aiki da ita. Na leƙa, sai ga ɗan kwikwiyo yana ta dama laka, ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Na kwance igiyar jaki na ɗaura a kututture, na sauka na cafko ka ta ƙeya. Ni da kai muka fito shuɗaye, rigar da ke jikina ba ta sake yin fari ba har ta mutu. Hajo matata ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita ta raɗa maka suna Shuni, ita kuma ta riƙa ɗura maka kunu har ka miƙe.

Matsalar ɗaya ce, ni ne ladanin garin nan, kuma mutane ba su ga tsarin ladan da kare ba. Shi ya sa na yi maka bukka a gona, can gindin ɗorawa, ba ka taɓa taka cikin gidana ba bayan ka girma. Damina bakwai ka yi kana gadin dawata. Kafin zuwanka birai ne ke rabon amfani, su ɗebi nasu su bar mini abin da suka ga dama. Da ka kawo ƙarfi, sai dai su zauna bisa dutse suna harararka.

Akwai abin da ban taɓa ba ka haƙuri a kansa ba. Shekarar da wani babban malami ya sauka garinmu daga Zariya, muna tsaye ƙofar masallaci sai ga ka a guje kana kaɗa wutsiya, ka nufo ni kai tsaye. Baƙon ya tambaya ko karen wane ne. Na ce na maharba ne, ni ban san shi ba. Na sunkuya na ɗauki hoge na jefe ka, na same ka a ƙafar baya. Ko haushi ba ka yi ba, ka dube ni kawai ka juya kana ɗingishi. Washegari na je gona ina jin nauyin haɗa ido da kai, kai kuwa ka tarye ni da tsalle a kan ƙafa uku. Me ya hana ka yin fushi? Da ka yi, da abin ya fi mini sauƙi. Na ji kunyar kaina ranar, kuma na daɗe ina ɗauke da ita.

Abin da ya faru ranar Laraba ka fi ni sani. Na gama girbi, na tara zangarniya zan fara ɗaurin dami. Tun da hantsi kake yi wa tarin haushi, ni kuma na ɗauka ɓera ka gani, har na daka maka tsawa. Na miƙa hannu zan ɗebo, ka bangaje ni ka cusa kai. Ashe gamsheƙa ce. Ka kama ta a tsakiya ka girgiza har ta saki jiki, amma ta riga ta sare ka a hanci. Mai maganin maciji yana can Dandume, ko da doki ba za a cim masa ba. Na ɗora kanka a cinyata, ban tuna da tsarkin tufafi ba. Da safe kana bin fara a kunyoyin gona, kafin rana ta karkata ka yi shiru. Ranar wani ne ya kira azahar.

Daga nan ne ba ka san sauran ba. Yayana Garba ya zo da igiya, zai ɗaure maka ƙafa ya ja ka zuwa kwazazzabo a bar wa ungulaye, yadda ake yi wa kowane kare. Na hana shi. Ya ja ni gefe ya ce in yi wa kaina faɗa, in gari ya ji ladan ya haƙa wa kare rami, babu mai sake amsa kirana, ga kuma masu jiran gurbina tun ba yau ba. Na ji shi, na ɗauki galma. Ban yi maka wanka ba, ban sa maka likkafani ba, ban yi maka salla ba, na san iyakata. Tsohuwar tabarma na naɗe ka a ciki. Amma da na rufe ramin na tuna da kura, sai na saro ƙaya na jibga a kai, na danne da duwatsu, irin yadda muke yi wa kabarin mutane. Ƙayar nan ce ta tayar da ƙura a gari.

Ranar Alhamis dattawa suka kira ni gindin durumin ƙofar masallaci, gab da azahar. Ba mugaye ba ne, Shuni, har mafita suka ba ni. Suka ce in faɗa a gaban jama'a cewa karen ba nawa ba ne, mushe na tsinta a gona na binne saboda wari, shi ke nan a rufe maganar in ci gaba da ladancina. Ladancin nan daga mahaifina na gada, ba ni da wani abin tinƙaho a duniya da ya wuce shi. Na miƙe tsaye na ce kai nawa ne, ni na ciro ka daga rami, ni na ciyar da kai, kuma hannun nan da nake toshe kunne da shi in kira su salla, ba don kai ba da yanzu yana ƙarƙashin ƙasa. Na ce ba zan ɗauke ƙaya ko ɗaya ba.

Can sai Tanko, wanda gonarsa ke iyaka da tawa, ya yi gyaran murya ya ce shi ma tun zuwanka biri bai taɓa masa gero ba, bai dai taɓa faɗa ba ne. Wasu suka sunkuyar da kai, mutum biyu suka kaɗe riga suka tafi. Liman ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dube ni, ya ce lokaci ya yi, wa nake jira?

Shuni, ban taɓa kiran salla irin na ranar ba. Hajo ta ce mata masu ɗiban ruwa a fadama sun ji ni. Hawaye na zuba, murya kuwa ba ta karye ba. Da na juyo, sahu ya cika har waje.

Sauran labarin gida kaɗan ne. Dawa ta shiga rumbu. Yaya Garba bai fara yi mini magana ba tukuna, zai huce. Hajo har yanzu tana mantuwa ta ware maka ƙanzo, in ta tuna sai ta zauna ta yi kuka. Ni ma ina kewarka, gonar ta yi mini faɗi.

Ban san inda irinku ke zuwa ba, ba kuma zan yi wa Allah shisshigi ba. Abin da na sani, yanzu a garin nan in an ce karen Ladan, ina juyowa in amsa. Ka yafe mini da na makara.

Ka huta lafiya.

Ni ne ubangidanka,
Ladan Isiyaku