Hannuna a Bikin da Ban Je Ba

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yau dai fedal ɗin, ɗan akwatin gyaran sautin jita da ake takawa da ƙafa, ya bi ni. Sati uku ina fama da shi a tsakar ɗaki, ina taka wannan ina murɗa wancan. An yi shi ne don jitar lantarki, ni kuma tawa ta katako ce mai rami, da na ɗan ƙara ƙarfi sai lasifika ta hau kuka har Mama ta leƙo daga kicin. Na kashe duk wani ƙarin ƙara, na bar ɗan amo kaɗan a bayan sauti, na rage na ƙasa. Yanzu tsirkiya tana fita fes. Na adana wannan tsarin sautin a lamba goma sha huɗu a cikin fedal ɗin.

Asabar, 10 ga Mayu

Dokas ta zo gwaji daga unguwar Bolari. Tun muna sakandare haka muke, ita waƙa, ni kiɗa. Na nuna mata maɓallin naɗa: in taka, in kaɗa, in sake takawa, sai ya riƙa maimaita abin da na kaɗa ba tsayawa. Ta riƙe baki. "Jummy, kenan ko ba kya nan kina nan?" Muka yi ta dariya.

Laraba, 14 ga Mayu

Ta ce in naɗa mata waƙoƙin nan uku na amare ta tafi da fedal ɗin gida, wai numfashinta ba ya kai ƙarshen baiti, tana so ta yi ta bita. Sau tara na sake ta biyun kafin ta yi mini. Ni na kai mata shi har bakin titi, ni na tsayar mata da keke, har ina ce wa mai keken ya bi ramuka a hankali.

Asabar, 17 ga Mayu

Ba gwaji yau. Ta ce mura.

Lahadi, 18 ga Mayu

Bayan coci ina duba waya na ga bidiyon da Edna ƙanwar Dokas ta ɗora. Bikin sallamar amarya jiya a unguwar Jekadafari. Dokas a tsaye da makirfo, murya tangaran, ba alamar mura. Gefenta Dennis mai buga mana ganga a kwaya, ƙungiyar mawaƙan cocinmu, rungume da jitar aro yana motsa yatsu. Wayar jitar ma ba a jona ta ko'ina ba. Fedal ɗina na ƙasa kusa da takalminta.

Na san hannuna. A waƙa ta biyu akwai inda ɗan yatsana yake gogar tsirkiya ta uku in zan sauka, ya yi wani ɗan ƙii. Ga shi nan, yana dawowa duk zagaye. Mata suna guɗa, ana yi wa Dennis liƙi a goshi.

Na kalla sau goma sha ɗaya. Ban ci abinci ba.

Talata, 20 ga Mayu

Dokas ta kawo fedal ɗin da kanta, an goge ƙura, an naɗe waya tsaf. Na ce, "Ya murar?" Ta zauna a bakin gado. Can ta ce dangin amarya manyan mutane ne, ba ta so a samu matsala. Na ce wace matsala. Ta ce, "Kin san hannunki yana rawa in jama'a sun yi yawa. Kin tuna Kirsimeti."

Na tuna. Na tsaya cak a tsakiyar waƙa, ita ta ƙarasa ba kiɗa. A ranar cewa ta yi ba komai, har ta saya mini tsire a hanya. Ashe ta ajiye.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ƙarya ta yi ba. Amma da ta faɗa mini a fuska, da na zauna a gida da mutuncina. Sai ta ɗauki hannuna ta bar ni.

Alhamis, 29 ga Mayu

Kira huɗu daga Dokas. Ban ɗauka ba. Dennis ya turo saƙo wai shi ma sa shi aka yi. Da igiya aka ɗaure shi?

Lahadi, 1 ga Yuni

Na zauna a bencin baya. Baba Lazarus mai kula da kwaya ya tare ni a ƙofa, ya ce sati mai zuwa ba wanda zai yi waƙa ta musamman, ko ni da Dokas za mu karɓa. Na ce zan yi tunani. Ban ce masa mu biyu ba, ban ce masa ni kaɗai ba.

Juma'a, 6 ga Yuni

Na goge waƙoƙin nan uku duka daga fedal ɗin. Ban ji daɗin da na zata ba.

Na naɗa wata don kawai kada yatsuna su yi sanyi. Yana ta zagayawa, ina ninke kaya, sai na ji ina bi da baki. Ba ta hau ba, ta yi mini sama da yawa. Shekara goma sha ɗaya duk abin da na kaɗa a muryar Dokas nake ɗora shi, ban taɓa sanin inda tawa take ba. Na sauko da kiɗan mataki biyu, na sake naɗawa. Ba wata murya ba ce, tana rawa kamar hannun.

Mama ta tambaya daga tsakar gida wa ke waƙa. Na ce rediyo ne.

Ban kira Baba Lazarus ba tukuna. Na dai goge farar rigata ta kwaya.