Na Miƙa wa 'Yata Ofis, Zaman Gida Ya Gagare Ni

Ustaza Sausan, ki agaza mini, na rasa inda zan sa kaina.

Ni lauya ne a wani ƙaramin gari kusa da Minya a ƙasar Masar, inda ake ce wa lauya Ustaz. Tun ina da baƙin gashi nake shari'ar gado da iyakar gona, babu gidan da ban san cikinsa ba. Bara ciwon zuciya ya kayar da ni a harabar kotu, likita ya ce in huta, na miƙa wa 'yata Nashwa ofis. To, zaman ya ƙi. In zauna, in tashi, in leƙa taga. Matata Atiyat ta ce ko kan gishirin miya sai na titsiye ta kamar mai ba da shaida. Sai na koma shagon shayin da ke kallon kotu. Manoma suka gano ni, ni kuwa bakina ba ya iya shiru. Makon jiya na nuna wa wani dattijo, Maugud, yadda zai kare gonar rakensa. Ashe ƙanwarsa ce ta kai shi ƙara, Nashwa ce kuma lauyarta. Yarinyar nan ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi har gobe "'yar Ustaz" ake kiranta a garin nan, kuma ni na hana su koyon sunanta. Tun ranar ba ta taka gidanmu ba. In kulle kaina a ɗaki ke nan in jira ajali?

Lauyan da ya rataye riga

Ranka ya daɗe Ustaz, wanda ya saba mutane su yi masa sammako da matsalarsu ba zai iya zaman kallon bango ba, kuma ba laifinka ba ne. Amma Nashwa tana da gaskiya. Gari ɗaya, kotu ɗaya, shawarar da ka bayar a shagon shayi kan wanda ya dogara da 'yarka take faɗawa. Abin da Maugud ya gaya maka amana ce, kada ka kai mata. Ka tura shi wurin wani lauya, ka zare hannunka. Sannan ka taka ofishinta da ƙafarka ka ba ta haƙuri, kada ka aika Atiyat. In ta huce, ka roƙe ta aikin sulhu, inda 'yan'uwa za su zauna gabanka tare kafin a kai ga alƙali. A nan furfurarka ta fi takarda amfani. Wanda kuma ya tare ka da ƙara, ka ce ya je wurin Ustaza Nashwa, ka faɗi sunan yadda kowa zai ji.

Allah ya ƙara lafiya, ya daidaita uba da 'ya.